Sahur ɗin Yaya Hajo

Yayata Hajo ɗinkin hula take yi a Ƙofar Kibo, kuma taurin kai ne da ita irin wanda ko mijinta ya daina gardama da shi. Ciwon fuka ya kama ta tun tana budurwa. A 1989 wata nas daga Wusasa, Rosaline, mai sayen huluna a wurinta, ta kawo mata abin shaƙa, ɗan shuɗi, ta ce fesa biyu in ƙirji ya toshe, kada ta wuce haka. Hajo ta samu sauƙi har tana ɗaukar tulu.

Sai azumi ya zo cikin zafi. Wasu suka ce shaƙar tana karya azumi, wasu suka ce ba ta karyawa. Malam Jalo, limamin unguwa, ya ce mata mara lafiya yana iya sha ya rama. Ta ce ita tun da ta balaga ba ta taɓa ajiye azumi don ciwo ba, ba za ta fara da furfura ba. Kwana huɗu tana wuni tana numfashi kamar tsohon zugazugi.

Ni na kawo dabarar, kuma har daɗi na ji da na kawo ta. Na ce, "Yaya, ai ruwan wuni ma da sahur ake shansa. Ki shaƙi na wunin gaba ɗaya mana."

Ta yi dariya ta ce, "Asma'u, ashe kina da kai." Da sahur ta yi ta fesawa, ni nake ƙirga mata. Na daina a ashirin, ita ba ta daina ba.

Da hantsi allura ta ƙi zama a hannunta, yatsun sai rawa suke. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta, zuciyar tana gudu ba tsari. Na kawo ruwa, ta kawar da kai. Kafin a samo mota ta cika.

Masu gaisuwa suka yi ta cewa ta dace, ta tafi da azumi a baki. Ina amsawa da amin.

Ran uku Rosaline ta zo. Ta ga abin shaƙar a kan taga, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta dube ni, ta jefa shi a jakarta. Shekara tara muna haɗuwa a kasuwa muna gaisawa, ina jiran ta tambaye ni. Ta rasu ba ta tambaya ba.