Na Tsira Daga Jirgi, Na Hana Kaina Ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Na san na ɓace muku tun farkon damina. Saƙonninku duk na gani, amsawar ce ta gagare ni, don maganar tana da nauyi a bakina.

Ni nas ce, tun lokacin da 'yan gudun hijira suka cika sansanin Malkohi nake wannan aikin. Ranar da abin ya faru, ƙaramin jirgi ne ya ɗebo mu daga wani gari da muka kai allurar rigakafi, don hanyar mota ba ta biyuwa saboda 'yan ta'adda. Mun kusa Yola injin ya fara tari, sai ya yi shiru. Matuƙin ya ce mu ɗaure bel tamau, mu sunkuyar da kai. Ya nufi wata gona. Taya na taɓa ƙasa ta nutse a laka, jirgin ya ƙwace masa, ya juya, fiffike ya daki bishiya.

Babu wanda ya rasu, alhamdulillahi. Ni ƙashin ƙuguna ne ya karye.

Aka kai ni asibiti a Jimeta, aka yi hoto, aka yi aiki, aka ce in kwanta rigingine, ko juyi babu. Da aka cire mini robar fitsari, sai dai a tura mini fo a kan gado.

To wa zai tura? Mahaifiyata, Dada, ta tsufa. Maigida kuwa ba a barinsa ya zauna a ɗakin mata. Sai 'yata ta fari ta baro karatunta ta zo jinya.

Kun dai san mu da 'yar fari. Tun yaye Dada ta ɗauke ta, a Nassarawo ta girma, Adda ma take ce mini, kamar yayarta. Ko abinci ban taɓa ci a gabanta ba. Yau ita za ta ɗaga mini zane? Kai! Gara ƙasa ta tsage in shige.

Sai na yi dabarar banza: na daina shan ruwa. In ta miƙo kofi in jiƙa leɓe in ce na ƙoshi. Fitsarin da ya taru kuma in matse shi sai wata nas ta zo wucewa. Ni fa, mai yi wa mata faɗa kullum su sha ruwa. A zafin Jimeta!

Zazzaɓi ya fara, da ciwon kwiɓi, na ce maleriya ce. Ƙafafu suka kumbura, fitsari ya koma kamar shayi, daga baya ya ɗauke. Da gwajin jini ya fito, likita ya ce cuta ta hau har ƙoda. Ya tambayi yarinyar ko ina shan ruwa. Ta fashe da kuka ta ce, "Likita, ƙila ni ne ban iya jinya ba."

Wallahi karayar ƙugun ba ta yi mini zafin wannan maganar ba. A gabansa na faɗi gaskiya, fuskata a cikin mayafi.

Sai yarinyar ta ce, "Adda, in kin mutu saboda kunyata, da wane ido zan dubi Dada?" Ta cika kofi ta tsaya a kaina sai da na shanye.

Aka fara yi mini wankin ƙoda. Duk sanda na ga jinina yana zagaya cikin injin nan, sai in ce shi ke nan, tawa ta ƙare. Wurin aikina ya ɗauki nauyin ƙugu, wankin ƙoda kuma shanun maigida ne suka tafi.

Yanzu an daina wankin, ina takawa da sanda har bakin titi in tari keke.

Godiya ga Allah, ga matuƙin da ya yi iyakar yinsa, ga maigida, ga 'yata. Allah Ya ba ta masu yi mata.

In kun shiga jirgi ku ɗaure bel sosai. In kuna kwance a asibiti ku sha ruwa, kada ku riƙe fitsari, ko wa ke jinyarku. Masu jinya kuma ku riƙa duba ko kofin ya ragu.

Ƙuguna ya haɗe. Ƙodata ta hagu kuwa likita ya ce ba za ta dawo ba. Jirgin bai taɓa ta ba, ni na yi mata.