Kitson Ɗiyar Fari

A shekarun da jam'iyyu suka yi yawa a ƙasar nan, kowace unguwa da tutarta, ina zaune ni kaɗai a Sabon Gari na Maraɗi. Maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma Allah bai ba mu haihuwa ba. Da hantsi matan aure sukan zo su ɗauki karatu a wurina a ƙarƙashin rumfa, in biya wa wannan, in gyara wa waccan rubutun allonta. Kafin azahar sun watse, gida ya koma nawa ni da kaji. In na zauna lazimi har motsin leɓena nake ji.

A cikin haka ƙanena ya kawo mini ɗiyarsa daga Jiratawa. Manomi ne, yana da gonar ban-ruwa ta zogale da albasa. Yarinyar ta ci jarrabawar shiga kolej, kuma ba inda za ta sauka a birni sai wurina. Ita ce ɗiyarsu ta fari, don haka a hannun kakarta ta tashi, wato mahaifiyarmu, har Allah ya yi wa tsohuwa rasuwa. Siririya ce, doguwa, ba ta da yawan magana. Na shimfiɗa mata tabarma a ɗakina, na soma dafa tuwon mutum biyu, abin da na daɗe ban yi ba.

Ba ta jima a lakwal ba, wato makarantar boko, sai mushe, malamin da ke koya musu wasanni, ya ga tana da ƙafa, ya sa ta cikin masu gudu. Da ta gaya mini sai na duba abin da na sani na karatu, ban ga inda aka hana mace motsa jikinta ba in ta suturta shi. Na ɗinka mata dogon wando da riga mai hannu. Wasu daga cikin ɗalibaina suka daina zuwa, aka ce mazansu sun ce ba a ɗaukar karatu a gidan da budurwa ke tsere a fili. Ban bi kowa ba, ban yi gardama ba. Rumfar dai ta ƙara faɗi.

Lokacin malaman lakwal sukan yi watanni ba albashi. A buɗe lakwal yau, kafin yara su saba da benci an koma yajin aiki. Mushen nan kuwa bai daina zuwa fili da sassafe ba, ya ce zaman gida zai haukata shi. Ƴan matan da ke zuwa ba su da yawa. A cikinsu akwai wata daga Tsibiri, ɗiyar wani malami Kirista, mahaifinta ke kawo ta a bayan babur. Gajera ce, mai fara'a, tana da takalmin gudu da aka sayo mata daga Najeriya, kuma a gajeren tsere ba wadda ke ganin ƙeyarta sai daga nesa. Takan biyo ta gidana ta sha ruwa, ta durƙusa ta gaishe ni da kyau. Ban taɓa jin ta faɗi kalmar da za ta ɓata ran wani ba.

Sai ya zama ba abin da nake ji a bakin tawa sai zancen ta Tsibiri. Ta Tsibiri ta yi kaza, ta Tsibiri ba ta cin tuwo da safe sai shayi da burodi. Ita ma ta daina cin ɗumame, ta riƙa fita da yunwa. Ta koyi yadda waccan ke jefa hannuwa, har kafaɗarta ta yi ciwo na gasa mata da ruwan zafi. Na taɓa iske ta ta naɗe wando tana duban ƙwaurinta kamar wadda aka sayar wa kayan da ba su da kyau. Mushe ya ce mata ta bar gajeren tsere ta koma dogon, wanda ake kewaya fili sau da yawa, ya ce nan ƙarfinta yake. Ta ɗauka korar ta ya yi daga wurin gwanaye, ta ƙi.

Da aka shirya tsere tsakanin makarantun gari, ranar ta zo daidai da ranar da uwar yarinyar ta kawo zogale kasuwa. Na ja ta muka tafi fili tare. Ta Tsibiri ta zo ta ɗaya, tamu tana can baya. Da aka gama, matar ƙanena ta nufi ta Tsibiri, ta kama hannunta, ta sa mata albarka, ta kwance bakin zane ta ba ta ƙuli-ƙuli. Ɗiyarta na tsaye a gefe tana haki, uwar ba ta ko dube ta ba. Ni ban ga wani abu a ciki ba, kuma ba macen da ta kai shekaruna da za ta ga wani abu. A wurinmu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita ake gane matar da ta sami tarbiyya.

Daga ranar yarinyar ta daina zuwa fili. Ta ninke wandon ta tura ƙarƙashin tabarma. Ga shi an kusa zaɓen waɗanda za su wakilci jiha. Mushe ya zo da kansa ya tsaya a ƙofar gida, ya ce mini in ba ta fito ranar zaɓe ba za a ba wata gurbinta, kuma yadda lakwal ke tafiya bai san ko za a sake yin wani zaɓen tana ɗaliba ba. Na shiga na gaya mata. Ta ce kanta ke ciwo. Muka zama mu biyu a gida, amma shirun ya fi na lokacin da nake ni kaɗai nauyi.

Wata la'asar muna ɓarar gyaɗa a rumfa, ba tare da ta ɗaga kai ba ta ce, "Gwaggo, ai ko Inna ta san wadda ta fi."

Na soma dariya, sai na ga fuskarta, na bari. Na ce mata ai ta san kunyar ɗan fari, a ƙauye ta tashi. Ta ce ta sani, ba ta taɓa sa ran jin sunanta a bakin uwarta ba.

"Amma kunyar ba ta hana ta ganin ta Tsibiri ba. Ina tsaye, Gwaggo. Da ta wuce mu duka biyu da na gane."

Na ce mata matan da, in abin ɗansu ya cika musu ciki, sai su juye shi a kan ɗan maƙwabta. Na ce kuma ni ga ni, kullum ina gaya mata tana da gudu.

"Ke Gwaggo ko kazarki ce ta tsallake kwata sai ki ce madalla."

Wannan karon ita ta yi ɗan murmushi, ni ban yi ba, don gaskiya ta faɗa. Yabona ba shi da nauyi a wurinta. Wanda take jira yana bakin da al'ada ta rufe.

Washegari na sallami ɗalibai da wuri, na shiga motar Jiratawa. Na iske matar ƙanena a gona tana tsinkar zogale, ruwa na gudu a lambatu kusa da ƙafarta. Bayan gaisuwa na gaya mata duk abin da ake ciki, na roƙe ta ta zo ta faɗa wa yarinyar kalma ɗaya mai daɗi. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska kamar na yi mata zancen banza.

"Yaya, ki aike ni ko'ina in je. Wannan kam bakina ba zai iya ba. Ni ma ta fari ce, uwata ba ta taɓa yi mini ba, ga ni ban mutu ba."

Na ce, "Ke ba a jera ki da ɗiyan mutane a fili an busa usur ba."

Ta ci gaba da tsinkar ganye har kwandon ya cika. Da za ta raka ni bakin hanya ta tambaye ni ko ta gidana tana cin abinci, haka take kiran ɗiyarta. Na ce kaɗan. Na dawo Maraɗi da ƙunshin zogale, ban faɗa wa yarinyar inda na je ba.

Ana gobe zaɓe, bayan azahar, sai na ji sallama. Matar ƙanena ce, ba ranar kasuwa ba, ba kwando a kanta. Ta sha ruwa, ta kwance ƙullin zanenta, sai ga matsefi da tsinken kitso da ɗan man shanu a gwangwani. Ta dubi bango ta ce da ni, "Yaya, unguwarku ba mai kitso ne? Na ga kan ta gidanki kamar sheƙar tsuntsu."

Na kira yarinyar. Ta fito tana duban uwarta tana dubana. Tunda aka haife ta hannun nan bai taɓa shiga gashinta ba, kakarta ke yi mata, daga baya ni. Uwar ta miƙe ƙafafu a tabarma, yarinyar ta zauna a tsakaninsu ta ba ta baya. A lokacin na gane dabarar. Mai kitso da wadda ake yi wa ba sa haɗa ido.

Ta tsefe kan, ta shafa mai, ta tsaga. Sannan ta soma yi mini hira ta saman kan yarinyar, kamar mu biyu ne kawai a gidan. Ta ce shekarar da awakin maƙwabta suka addabi gonar albasa, wata yarinya ce ke korarsu, ba ta faɗi wace ba. Ta ce yaran unguwa sukan bi su da gudu su gaji a bakin gona, ita kuwa takan bi su sannu, ba ta tsayawa, har cikin rairayin gulbi, sai awakin sun tsaya da kansu harshe a waje. Ta dawo ta ɗauki tulu ta tafi rijiya. Uwar ta ce ita tana kallo daga bayan dannin gona, ba wanda ya san tana nan.

"Ta Tsibiri yarinyar kirki ce, Allah ya raya ta," ta ce, tana ja da tsinke. "Amma wutar kara ce, Yaya, ta tashi ta haska ta mutu. Ta gidanki kuwa gungume ce. Ban san wanda ya gaya mata ta yi gasar tashi da kara ba."

Na ce mushe ma haka ya ce, ba ta ji ba.

"To ai kunnen na ubanta ne."

Na yi dariya har da tari. Kafaɗun yarinyar suka motsa, ban san ko dariya ce ko wani abu ba, don kanta na sunkuye. Can ta ce kitson ya yi zafi. Uwar ta ce da ni, "Ki ce mata ta daina motsi. Na matse shi ne don kada ya kwance a hanya, hanyar da tsawo."

Da ta gama ta wanke hannu, ta yi sallar la'asar, ta ce za ta koma kada mota ta ƙare. Na ce ta kwana ta ga tseren. Ta dube ni kamar na sake yin zancen banza. Yarinyar ta ɗauki mayafi ta raka ta tasha, tana biye da ita a baya. Ban san ko sun yi magana ba, ban kuma tambaya ba.

Da safe ta ci ɗumame, ta ciro wandon daga ƙarƙashin tabarma. Na bi ta fili daga baya, na zauna can gefe kusa da masu sayar da ruwan sanyi, tasbaha a hannuna. Na hange ta ta je wurin mushe sun yi magana, ya gyaɗa kai. Ba ta shiga gajeren tseren ba, ta tsaya ta ga ta Tsibiri ta cinye shi kamar kullum. Da aka kira na dogon ta jeru. Aka busa, ƴan mata suka zabura suka bar ta. Ita kuwa ba ta ƙara sauri ba, ba ta dubi kowa ba, tana ta tafiyarta. Kowane kewaye sai ta wuce wata da ta soma riƙe ciki. Ta Tsibiri ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, tana bin gefen fili tana yi mata ihu. Tamu ba ta zo ta ɗaya ba, wata doguwa daga wata makaranta ta riga ta. Amma tana cikin waɗanda aka zaɓa.

Ta same ni inda nake zaune, numfashinta bai gama dawowa ba. Ta ce, "Gwaggo, da an ƙara kewaye ɗaya." Na ce Allah ya kai mu wani karon. A hanyarmu ta komawa gida ba ta ambaci gudun kowa ba sai nata.

Tafiyar da aka zaɓe su dominta an yi ta ɗaga ta, yau a ce ba mota, gobe a ce ba mai, kuma lakwal ta sake rufewa. Su dai ba su daina shiri ba. Mushe ya ce rairayin gulbin Tsibiri ya fi filin gari kyau ga ƙafa. Bayan ƴan kwanaki malamin nan na Tsibiri ya zo da matarsa, suka zauna a rumfata cikin ladabi, suka roƙi in bar yarinyar ta zauna a gidansu muddin lakwal na rufe, don su riƙa fita da tasu da sassafe. Matar ta ce za ta ware mata wurin salla, ita da kanta za ta tashe ta da asuba. Na aika wa ƙanena, ya ce abin da na yanke shi ke nan.

Na dubi yarinyar. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, na ga ta riga ta ɗaure kayanta a zane. Na ce to, Allah ya tsare. Na raka su har bakin titi, na tsaya sai da kabu-kabun da ya ɗauke ta ya sha kwana wajen masu sayar da mai a kwalba. Sannan na dawo, na naɗe tabarmarta na jingine a bayan ƙofa, na ɗebi ruwa na yi alwala, don an soma kiran azahar.