Jinin da Aka Yi wa Murna

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na yarda in rubuta ta. Iyakar karatuna firamare, ga tsoron kada in faɗi abin da ba haka ba Allah Ya tambaye ni. Kuma yaron ɗan farina ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in baza sirrin jikinsa a takarda. Rashin wanda zan tambaya ne ya tilasta ni.

Da larurar mafitsara aka haife shi. Ƙarama ce, fitsari ba ya samun wurin zama sai ya koma sama, har ƙodojinsa biyu suka lalace. Da likita ya ce za a yanko guntun hanjinsa a ƙara wa mafitsarar girma, sai da na sa ya maimaita. Hanji fa, hanyar najasa. Aka yi. Bayan ya warware aka cire ƙodar mahaifiyarsa ɗaya aka dasa masa. Wannan cikin shekarun dubu biyu da 'yan kai ne, yana gab da balaga.

Aka sallame mu da sharuɗɗa. Zai riƙa zura roba yana fitar da fitsari a kan lokaci, a riƙa wanke mafitsarar da sirinji, don guntun hanjin nan bai san ya bar gida ba, yauƙinsa yake ta yi. Likitan ya ce mini in ɗauka kanal ce, hanyar ruwan noman rani: in aka bar laka da ciyawar kachala suka toshe ta, ruwa baya zai yi ya ci gona. Wannan kam na gane. Kuma an hana shi shiga ruwan kanal. A Kura, hana yaro wanka a kanal kamar hana shi abokai ne. Suna iyo yana bakin gaɓa yana gadin takalma, suna kiransa mai roba.

Na bi sharuɗɗan nan har mutanen gida suka fara cewa waswasi ya kama ni. Sai lokacin ɗiban tumatir ya zo, aiki ya yi mana yawa ni da uwarsa, muka kai shi wurin mahaifiyata a Bunkure. Ya riga ya iya komai da kansa, ita ma na nuna mata har ta gaji da ni.

Ranar kasuwa na biya in duba shi. Na tarar da ita tana tankaɗe, fuskarta cike da fara'a. Ta ce, "Albishirinka. Angon nawa ya zama namiji, sai ka fara tara mini lefe."

Na ce, "Inna, me ya faru?"

Ta ce, "Jini yake fitsarawa, kamar kowane yaro. Kai ma ka yi, ubanka ma ya yi."

Buhun da ke kafaɗata ban san sanda ya faɗi ba. A wajenmu tsargiya ba ciwo ba ce, alamar girma ce. Yara har gasa suke yi a bakin kanal, wa ya fi ja. Inna ba mugunta ta yi ba, kaza ma ta yanka masa. Shi kuma da ya ga jinin sai ya ɗauka ya warke, ya shiga sahun 'yan'uwansa. Ya nuna wa abokai a cikin gwangwani, suka daina ce masa mai roba. Ya daina wankin mafitsarar, robar ma sai ciki ya ƙulle yake sa ta. Na same shi kwance a zaure, jiki zafi rau, yana murmushi. Ya ce, "Baba, ni ma na yi."

A asibiti ba a ga tsargiya ba ko kaɗan. Yauƙin ne ya taru ya zama dutse yana gurzar mafitsara, ƙwayar cuta kuma ta hau har sabuwar ƙodar. An cire dutsen, amma likita ya ce ƙodar ta ji jiki, ba zai iya faɗa mini tsawon lokacin da za ta yi ba. Uwarsa ta dafe gefen cikinta inda tabon yake. Ƙoda ɗaya ta rage mata. Ni an gwada tun farko, jininmu bai zo ɗaya ba.

Har yau ƙodar tana aiki, da ɗingishi. Duk safiya sai na ɗaga kwalbar fitsarinsa a rana na duba kala. Inna ta daina yi masa wasan miji.

Don Allah, in akwai mai karanta wannan da aka ƙara wa ɗansa mafitsara da hanji sannan aka dasa masa ƙoda, ya sanar da ni: shekara nawa tasu ta yi? Wadda ta taɓa kamuwa irin haka tana farfaɗowa? In ta tsaya, ana sake dasa wata a kan irin wannan mafitsarar? Ko labarin ba daɗi, a faɗa mini yadda yake.