Gwaggo Fanna Mai Wankan Jego

A kwatas ɗin ma'aikata da gwamnati ta gina a bayan Challawa, babu matar da ta haihu ba ta ɗanɗana hannun Gwaggo Fanna ba. Mazan wurin leburorin masaƙa ne da na kamfanin jima, sun ɗauko matansu daga Ringim da Kazaure, wasu ma daga Maraɗi, iyaye sun yi nisa. To, wa zai yi wa mai jego wanka? Gwaggo mana. Ita ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta kuma ya rasu ya bar ta a ɗaki mai lamba goma sha huɗu, daga ita sai rabin duron da take tafasa ruwa a ciki.

Kai, matar nan akwai faɗa! Za ta tsoma ganyen runhu a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego a baya, ana ihu tana cewa, "Rufa min baki, raguwa! Kwana arba'in ne, ba ragi." Amma ita ce za ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kanki sai kin shanye. Ana tsoronta, ana kuma sonta har cikin rai.

Daminar 1988 aka yi ruwa kamar ba za a ɗauke ba. Bangaye suka tsattsage, ɗakuna biyu suka rufta. Hukuma ta duba ta ce gidajen ba sa zaunuwa, kowa ya tashi cikin mako biyu. Masu aiki suka watsu neman haya. Ranar da katafila ta shigo, Gwaggo na tsaye da ƙunshin kayanta a cikin duro, ba ta da inda za ta nufa. Ga ta da zuciya: duk wanda ya ce ta zo ta zauna a wurinsa, sai ta ce ita ba tsohuwar tabarma ba ce da za a jingine a lungu.

Allah ya sa Zulaihatu, matar Falalu mai aikin masaƙa, kwananta tara da haihuwa. Falalu ya rusuna ya ce, "Gwaggo, wankan fa bai ƙare ba. Mun samu ɗaki a Panshekara." Wannan aiki ne, ba alfarma ba, don haka ta bi su.

Kwana na tafiya, hankalin Zulaihatu na tashi. Ta roƙe ta ta zauna bayan an gama, Gwaggo ta ce aiki in ya ƙare ya ƙare. Ana gobe arba'in ta wanke duronta, ta ɗaure kaya. Zulaihatu ta tambaye ta ina za ta, ta ce, "Ina ruwanki?" Zulaihatu ta sha kukanta a ɓoye, sannan ta tura Falalu Ɗorayi a keke.

Da hantsi ranar arba'in sai ga Maimuna, tsohuwar maƙwabciyarsu ta kwatas da ta koma Ɗorayi, ta yi sallama da goyo, mijinta Isyaku na waje da amalanke. Ta durƙusa tana dafe ƙugu.

"Gwaggo, bayana ya ƙi daɗi. Ina jin wankan nan bai kama ni ba, sai kun sake min."

"Wankana ne bai kama ki ba? Ni Fanna?"

Ita da kanta ta yi mata shi tun da rani. Ta dubi yaron da ke bayanta, ƙato, har da haƙora biyu. Ta dubi Zulaihatu, wadda ta duƙufa kan tsintar shinkafa ta ƙi ɗagowa. Nan ta gane abin da suka ƙulla.

Maimuna ta ƙara da cewa, "Atikarmu ta kwatas ma tana Sharaɗa, wata biyu ya rage ta sauka. Ta ce in faɗa muku kada ku yi wa kowa alkawari."

Idon Gwaggo ya kawo ruwa, don abin ya taɓa ta ƙwarai. "Munafukai," ta ce. "Isyaku, ɗauki duron nan a hankali. Ke kuma, tunda kin ce bai kama ki ba, wallahi wannan karon sai kin ji a jikinki."

Kuma ta ji. Maimuna, wadda lafiyarta ƙalau, ta sha tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in cur, ko sau ɗaya ba ta ce ya isa ba.