Fuskata a Takardar Sabulu

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina aikin naɗe sabulu a wani kamfani a Kakuri. Sabulun na Turawa ne, sunansa ma na can ne, mu dai namu haɗawa da naɗewa da zubawa a kwali. Ina zaune a unguwar Television da mijina da 'ya'yanmu. Ranar Lahadi kuwa ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu. Ba yabon kai ba, in aka buga tulu na ɗaga murya, har masu gasa masara a bakin titi sai sun amsa. Duk wahalar mako, Lahadin nan nake jira.

Sai kamfani ya ɗauko wani malamin jami'a, kowa Dakta yake ce masa, wai ya binciko dalilin da mata ba sa sayen sabulun. A lokacin hoton wata Baturiya ce a jikin takardar. Dakta ya yi ta yawo kasuwanni yana tambayar mata, ya dawo ya ce mace ba ta yarda da sabulu sai ta ga irinta a jikinsa. Don haka a yi takarda iri biyu: mai mayafi ta tsallake kogi zuwa cikin gari, mai ashoke irin na zuwa coci ta tsaya nan kudu.

Manaja ya ce ba zai nemi mata biyu ba alhali ga ma'aikata cike da kamfani. Ya zagayo layinmu yana leƙa fuskoki kamar mai zaɓen tumatir, ya tsaya a kaina. Aka ɗaura mini ashoke aka ɗauki hoto, aka kwance aka yafa mini mayafi aka sake ɗauka. Na tambayi Dakta, "Wannan na mayafin fa, in 'yan unguwarmu suka gani?" Ya ce, "Haba Madam, ina za su gan shi? Daga sito sai mota, daga mota sai ƙetaren gada." Abokan aikina suka yi ta kirana Hajiya, ni ma ina dariya. Musulmi da Kirista muke a layin nan, a kwano ɗaya muke cin abinci, babu wanda ya ɗauke shi wani abu.

Ba a daɗe ba gari ya rikice. Ba na son tuna kwanakin nan. Da aka samu sauƙi, mutanenmu da ke ƙetare sun kwaso abin da ya rage musu sun dawo Television da Romi, Musulmin da ke cikinmu su ma sun koma can. Direbobin kamfani suka ce ko za a kore su ba za su hau gada da kaya ba. Kwalayen mai mayafi suka taru a sito har rufi, damina na matsowa. Sai manaja ya karya kuɗinsu ya sake su a kasuwannin kudu.

Wayyo ni! Na fito da safe, kowane shago ni ce, lulluɓe da mayafi ina murmushi. Mai kanti na gefen gidanmu ya jera ni a taga. Mata su yi shiru in na zo wajen famfo. Wata ta tare mijina ta tambaye shi ko gaskiya ne an ba ni kuɗi na canza addini. Na so in je in ci mata mutunci, shi ya riƙe ni.

Uwar zumunta, wadda muke kira Mama, ta kira ni bayan sujada. Ta ce, "'Yata, ni na san ba ki je ko'ina ba. Amma dubi matan da suka dawo daga ƙetare. Wata gidanta ya ƙone, wata ɗanta har yau ba a gan shi ba. Su yi wanka da wannan fuska, su zo coci su tarar ita ke ba su waƙa? Ki koma baya ki zauna har sabulun nan ya ƙare a kasuwa." Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce mata mayafi ai ba shi ya ƙona gidan kowa ba. Ta ce ta sani. Ta sake cewa in yi haƙuri har ya ƙare.

Na koma bencin baya. Wadda aka ba waƙar, Allah ya gafarta mini, muryarta kamar ana jan kujera a siminti. Ina jin inda ta kauce, bakina na motsi, ba halin in gyara. Barin aiki kuwa ba zai yiwu ba, don masaƙar da mijina yake aiki ta fara sallamar mutane, albashina ne ke riƙe da gidan. Abin da ya rage mini shi ne leƙen shaguna in na taso aiki, in ga ko jerin ya ragu. Ya kuwa fara raguwa, har na soma gwada muryata in ina shara.

Wata rana Dakta ya dawo kamfani, fuskarsa fal farin ciki. Ya nemo ni a layi ya ce, "Madam, kin ba ni mamaki! Sabulun mai mayafi ya fi wancan tafiya a nan kudu. Ashe mata ba hoto suke dubawa ba, araha suke bi. Duk abin da na rubuta a baya sai na sake shi, har ƙasar waje za a karanta."

Na ce, "To Dakta, yaushe zai ƙare?"

Ya ce, "Ƙarewa kuma? Ai Turawan sun ce tunda haka ne babu amfanin buga takarda iri biyu. Mai mayafin za a riƙa yi, kudu da arewa duka."

Na bi shi da ido. Na so in yi ihu, amma injin na tafiya, sabulu na taruwa a gabana. Na ɗauka na ci gaba da naɗewa.

Ranar Lahadi kafin a fara, Mama ta zo har bencin baya ta dafa kafaɗata. Ta ce, "'Yata, na ga ya ragu a kasuwa. Ya kusa ƙarewa ko?"

Na ce, "Mama, ba zai ƙare ba. Ni nake naɗe shi."

 Sai ta ɗauke hannunta, ta koma gaba, ta yi wa wadda ta maye gurbina alama ta ɗauki waƙa.