Gishirin Bakin Ƙofa

A Samaru muke zaune, inda Baba ke koyarwa, amma da an ba da hutu sai a kai ni Sabon Gari wajen Iya, mahaifiyar Mama. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida. Idan aka idar da magariba ta sauke kasko, mu jikoki mu kewaye sauran garwashin, ita kuma ta miƙe ƙafa ta fara ba mu labari. Iya ba ta yarda da kowa ba. Ko gaishe ta aka yi da fara'a da yawa, sai ta bi mutum da kallo har ya sha kwana.

Labarin da na fi so shi ne na zuwanta Turai, domin ni ce jaririyar da ke ciki. A wani birni can arewacin Ingila aka haife ni, lokacin Baba yana karatu, ana tsakiyar sanyi. Shi ya sa take kirana Baturiya.

"Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji," haka take farawa. "Da ƙafata na je."

Da ta ji an haihu, ta rantse 'yarta ba za ta rasa wankan jego ba. Ta sayar da awakinta, dangi suka cika, aka samo mata tikitin da ya fi araha, wanda sai da ta kwana a kan benci a wata ƙasa tana jiran jirgi na biyu. Ta sayi kwat ɗin sojoji a gwanjon kasuwar Sabon Gari, ta ƙulle kanwa da garin kunu da yaji. Ta sauka ta tarar gari fari fat, kamar an zazzage buhunan garin rogo a ko'ina, ga shiru, ga duhu tun kafin la'asar. Ta ce tun daga nan garin bai kwanta mata ba.

Kwana biyu da zuwanta, ta tashi da asuba ɗora ruwan wanka, ta leƙa taga. Sai ga wata tsohuwar Baturiya, maƙwabciyarsu, ta lallaɓo da gwangwani a hannu, tana barbaɗa wani farin abu a kan matakalar dutse ta ƙofar gidanmu. Ta gama ta koma, ba sallama ba komai.

"Barbaɗe!" in ji Iya, ta rage murya, mu kuma mu ƙara matsowa. "A ƙofar gidan da ke da ɗanyen jego. Na ce wannan matar jaririyar nan take so."

Wani a cikinmu yakan ce, "Iya, me ya hana ki tambaya?"

"Wa zan tambaya? Ubanta surukina ne, ko ido ba ma haɗawa. Uwarta kuwa in na faɗa mata ta firgita nono ya ɗauke."

Don haka ta yi abin da ta sani. Ta share barbaɗen tas, ta ɗebo sauran ruwan zafin wanka, ta yi masa tofi, ta kwarara a matakalar. Kafin hantsi wurin ya daskare, yana ƙyalli kamar madubi. Iya ta ce ga shi nan, asiri ya nuna kansa. Washegari matar ta ƙara yawan barbaɗen, Iya ta ƙara yawan ruwa. Baba da ke fita ta ƙofar baya da kekensa bai san wainar da ake toyawa ba.

Rana ta shida ce ranar da za a kai ni awo asibiti. Mama tana shirya ni, sai suka ji ƙara a waje. Tsohuwar ce kwance a gindin matakala, gwangwanin ya gangara cikin ƙanƙara. Baba ya fita a guje, aka kira motar asibiti ta ɗauke ta. Da ya dawo bai dubi Iya ba, Mama ya fuskanta, amma ya ɗaga murya yadda za a ji. Ya ce gishiri ne, gishirin miya, ana zuba shi ne ya narkar da ƙanƙara don kada mutum ya zame. Matar ta ga akwai jariri a gidan, shi ya sa take zuba mana. Ya ce da ba ta riga mu taka wurin ba, Mama ce za ta sauka, da ni a hannu.

A nan Iya takan tona garwashi. Sai ta ce, "Ta warke sarai. Amma ni har yau ban gane ba. Mutum ba danginka ba, bai san sunanka ba, ya tashi da asuba ya zubar maka da gishirinsa a banza? Allah kaɗai ya san cikinta. Labari ya ƙare, kowa ya tashi ya wanke ƙafa."

Muna yara dariya muke yi, har mu riƙa kwaikwayon faɗuwar tsohuwar Baturiyar. Na girma ina ɗaukar abin a matsayin labarin ƙauyancin Iya, kuma ban ɓoye ba, na gaji halinta, ni ma alherin da ya zo ba dalili sai na juya shi na duba bayansa.

Sai bayan rasuwar Iya Mama ta faɗa mini sauran. Matar ba ta warke ba. Ƙashin ƙugunta ne ya karye, kuma har Iya ta cika arba'in ɗinmu ta dawo gida, ba a sallamo ta ba. Daga baya aka sayar da gidan matar. Iya ta sani, domin duk wasiƙar da ta sa aka rubuta wa Mama, sai ta sa an tambayi jikin matar. Na yi kuka ranar, na kuma ji kunyar dariyar da muka sha. Mama ta ce Iya, a ciwonta na ƙarshe, ta kama hannunta ta ce, "Wai yaya sunan matar nan? Ina so in nemi gafararta, ban san wa zan kira ba." Mama ta yi ta tunani, ita ma ta manta.