Jikar da Aka Ce Kanta Ba Ya Ja

Ana idar da sallar asuba muka bar Funtuwa, ni da ƙanwata, a wata tsohuwar fijo da sai an tura take tashi. Saƙon surukina ne ya ɗaga ni: wai malamai sun ce jikata Ladidi kanta ba ya ja, zai cire ta daga makaranta ƙarshen zangon nan. Ni da na tsufa ina koyar da 'yan aji ɗaya, a ce jikata?

Hanya duk ramuka, kuɗin mota kuwa ya ninka na bara. A Kawo muka karya da ƙosai, ga tsami ga tsada. Muka haye gada, muka ratsa Kakuri masaƙu na busa jiniya, layin sayen sabulu har bakin titi, sai unguwar Nasarawa, gidan 'yata.

Washegari na bi Ladidi makaranta. Wallahi raina ya ɓaci. Yara sun fi ƙarfin benci, malami na nuna allo da bulala, suna ta ihun "Ey! Bi! Si!" Wanda ya haddace shafi shi ne gwani. Na tambayi malamin ko ya taɓa sa su saurari sautin da ke farkon kalma.

"Hajiya, wannan ai wasa ne. Mu manhaja muke bi," in ji shi.

Da yamma na zaunar da Ladidi kusa da turmi, uwarta na daka. Duk saukar taɓarya mu faɗi gaɓa ɗaya: ta-sa, tu-lu, ta-bar-ma. Na ce wane sauti ta ji a farkonsu? Sai ta kama "t, t" tana dariya. Kafin mako ya zagayo na rubuta "tasa" da gawayi a bango, ta karanta da kanta.

Ubanta ya gani, ya sunkuyar da kai. "Inna, malaman gwamnati sun riga sun faɗa. Gara ta taya uwarta sayar da abinci a ƙofar masaƙa."

Ban ja da shi ba. Riƙonta kawai na nema, abin da suruki ba ya iya hana uwar matarsa.

Mun iso gida Funtuwa da la'asar, Ladidi na barci a cinyata. Tafiyar nan ta koya mini cewa har a birni ana yanke wa yaro hukunci tun ba a buɗe masa kunne ba. Ita dai tana ajina yanzu. Sauran da na baro suna ihu a kan bencin nan ba su da kaka malama, kuma ba wanda zai je ɗaukarsu.